Bayan jif ɗinka ya zauna? Mu yi maganar sifirin ganye

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da tsohuwar jif irin ta shiga daji ya san wannan abun, wata rana za ka tsaya daga nesa ka kalli motar sai ka ga gabanta a ɗage bayanta kuma ya zauna, alhali babu komai a but sai jak da sifeya taya. Da daddare masu tahowa suna ta yi maka filashin saboda fitilarka ta koma haska musu ido, in ka faɗa ɗan rami kuma sai ka ji ƙum daga baya har cikin ƙashinka. Tawa Land Cruiser 60 ce, irin wadda Toyota ta yi daga 1980 zuwa 1990, gaba da baya duk ganyen sifirin ne a jikinta, wato dogayen fallayen ƙarfen nan masu lanƙwasa da ake jerawa a kan juna su riƙe nauyin mota, kuma na ga ana ta tambaya a kan wannan matsalar ana ba mutane amsoshin da wasu gaskiya cutarwa ce kawai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abun da na sani.

Ba masu Land Cruiser kaɗai abun ya shafa ba. Land Rover Series tun daga ta farko ta 1948 har zuwa Series III duk ganye ne, sai da 110 ta fito a 1983 suka koma koyil, wato sifirin mai murɗe. Jeep Cherokee XJ wadda aka yi daga 1984 zuwa 2001 gabanta koyil ne bayanta ganye, kuma ita kam zaman bayanta ya zama kamar alamarta, da wuya ka ga tsohuwa da bata taɓa yi ba. Suzuki Samurai, Pajero ta farko, Patrol ta da, Hilux da 4Runner ta farko, duk gida ɗaya ne. Wanda yake da Land Cruiser 80 wannan rubutun ba nasa ba ne, ita koyil ce ƙafa huɗu.

Abu na farko da nake so mu cire daga kai shi ne maganar shokazoba. Mutum zai ga bayan mota ya zauna sai ya ruga ya sayo sabbin shokazoba, a ɗaura, motar tana nan yadda take. Ai shokazoba ba ta ɗaukar nauyin mota, aikinta kawai ta hana motar yin ta lilo bayan ta taka rami, sifirin shi ne ke riƙe da nauyin gaba ɗaya. E, in sifirin ya daɗe a zaune yawanci za ka samu shokazobar ma ta mutu saboda tana ta bugawa har ƙarshe, amma ba ita ce ta jawo zaman ba.

To me ke faruwa da ƙarfen ne har ya zauna. Ganyen nan ƙarfe ne na musamman, irin su 5160 ko SUP9 da ake yawan amfani da shi a motocin Japan, ana lanƙwasa shi da zafi a tsoma shi a mai sannan a sake gasa shi kaɗan, wannan ne yake ba shi halin lanƙwasawa ya dawo inda yake. Amma yana da iyaka. Duk lokacin da aka danne shi ya wuce iyakar nan, ko da kaya mai yawa ko da faɗawa rami da gudu da kaya a baya, ba ya dawowa daidai, yana barin ɗan abu kaɗan da ido ba zai gani ba, shekara ashirin talatin ana haka sai ka wayi gari bakan nan da yake da shi ya miƙe ya zama sambal, wani ma har ya fara lanƙwasa ta ɗaya gefen. Ga kuma tsatsa, ita mutane ba sa ɗaukarta da muhimmanci amma lissafin yana da ban tsoro, ƙarfin ganye yana tafiya ne da kaurinsa an ninka shi a kansa sau uku, wato in tsatsa da gugar juna suka cinye kashi 10 cikin ɗari na kaurin, ƙarfin da ya tafi ya kai wajen kashi 27. Ka ga kenan ganyen da kake kallo kana cewa ai ɗan tsatsa ne kawai, ya riga ya rasa sama da kwata na ƙarfinsa a wajen.

Kafin ka taɓa sifana ka auna tukuna. Ka ajiye motar a daɓe mai kyau, iskar taya daidai, ka auna daga tsakiyar wil zuwa bakin fenda, hagu da dama, gaba da baya, ka rubuta a takarda. Daga tsakiyar wil nake cewa ba daga ƙasa ba, don girman taya da iskarta kar su shiga lissafin. Sai ka kwanta ka shiga ƙasan da tocila. Ka duba tazarar da ke tsakanin akzil, wato ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama, da robar nan da ke tare shi a jikin shasi, in ka ga wajen da robar ke bugawa ya yi ƙyalli ya goge to motar ta daɗe tana tafiya a kan roba. Ka duba shakul, wato ƙarfen nan mai lilo da ke riƙe da ƙarshen sifirin ta baya, sifirin da ya miƙe tsawonsa yana ƙaruwa sai ya tura shakul ɗin baya har ya kusa kwanciya, wani har yana taɓa shasi. Ka bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, musamman kusa da yu-bol, wato bol mai siffar U da ke ɗaure sifirin a jikin akzil, da kuma kusa da idon babban ganye, inda ƙarshensa ya naɗe bol yake shiga, nan ne suka fi tsagewa, wani lokaci karayar tana ɓoye a ƙarƙashin laka sai ka wanke ka goge da burushin waya za ka ganta. Ka duba bushin, wato robar da ke cikin idon, ka duba maratayin sifirin da ke jikin shasi ko tsatsa ta cinye shi, don akwai motar da za ka ga ta karkata gefe ɗaya ka ɗora wa sifirin laifi alhali bushin ne ya narke ko maratayin ne ya lotsa ciki.

Sai santa bol, ƙaramin bol ɗin da ya ratsa tsakiyar ganyen duka ya haɗe su, kansa kuma yana zaune a cikin wani rami a mazaunin akzil. Shi ne yake sa akzil ya tsaya a inda ya kamata. In ya tsinke akzil sai ya zame gefe ɗaya, motar ta riƙa tafiya a karkace kana riƙe da sitiyari a murɗe kafin ta tafi daidai. Wannan ba a jira da shi.

Yanzu maganar gyara, kuma a nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Tsayin mota daban, lafiyar sifirin daban, kuma rabin dabarun da ake ba mutane tsayi kawai suke dawowa da shi su bar mataccen ƙarfe a inda yake.

Dogon shakul shi ne na farko da ake fara faɗa maka don shi ya fi sauƙi, bol biyu ne a kowane gefe. Amma ka sani tunda ƙarshe ɗaya kawai kake ɗagawa, rabin abun da ka ƙara kawai za ka samu, ka ƙara santimita 5 a shakul motar ta tashi da wajen 2 da rabi. Kuma sifirin yana nan a miƙe, yanzu ma ka ba shi ƙarin fili ne ya lanƙwasa ta baya fiye da da, wato zai ƙarasa mutuwa da wuri, ga shi ka canza kusurwar da dif, wato giyar tsakiyar akzil, yake fuskantar furofela, sandar da ke kawo masa juyin inji, ga dogon shakul yana sa bayan motar ya riƙa kaɗawa gefe da gefe a kwana. Kamar gadon da igiyarsa ta saki ne ka je kana sa wa ƙafafunsa duwatsu. Ban ce shakul mai ɗan tsawo haramun ba ne, in sifirin lafiyayye ne kana so ka daidaita santimita ɗaya ko biyu babu laifi, amma a matsayin magani ga wanda ya zauna, a'a.

Bulok kuma, wato ƙarfen da ake sawa tsakanin akzil da sifirin, shi yana ɗaga mota ne kawai in sifirin yana saman akzil kamar na Cherokee XJ. A mota irin tawa da sifirin yake ƙasan akzil in ka sa bulok ƙara zaunar da ita za ka yi. Ko a inda yake aiki ma yana ƙara nisa tsakanin akzil da ganyen, sai duk lokacin da ka taka totur a yashi ko a hawan dutse akzil ya riƙa ƙoƙarin murɗa ganyen, taya ta riƙa tsalle, ganyen da dama ya gaji kuma wannan murɗar ce take karya shi. An gudu ba a tsira ba kenan.

Ƙara ganye ɗaya a cikin jerin, wannan kam dabara ce ta gaske, da sharaɗi. In ganyenka babu tsaga, tsatsa ba ta ci shi sosai ba, zaman kuma bai wuce santimita biyu zuwa huɗu ba, ƙarin ganye zai ɗaga ta kuma zai ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya. Akwai gajere akwai dogo. Gajeren mai kauri ne mai lanƙwasa sosai, yana ɗagawa nan take amma motar za ta yi tauri ba kaɗan ba, kuma duk nauyin yana taruwa a bakinsa biyu inda yake tokare ganyen da ke samansa, nan ne za ka ga an fara samun karaya daga baya. Dogon da ya kusa kai wa idon sifirin shi na fi so nesa ba kusa ba, yana raba nauyin a tsawon duka, motar ba ta rasa laushinta sosai. Masu Cherokee a Amurka sun daɗe suna wata dabara, su ɗauko ganyen Chevrolet S10 su yanke idanun babban ganyen su haɗa shi da nasu babban ganyen, yana aiki don faɗin ganyen ɗaya ne. Abun kula shi ne faɗin ya zo daidai, ramin santa bol ya zo daidai, kuma tsawon ganyen ya riƙa raguwa a jere mataki mataki. Amma ka sani sabon ganye ɗaya a tsakiyar tsofaffi biyar ko shida shi kaɗai zai riƙa yin aikin su duka, zai gaji da wuri, lokaci ka saya ba gyara na har abada ba.

Sai sake lanƙwasa ganyen. Iri biyu ne kuma bambancinsu babba ne. Akwai na sanyi, a kwance ganyen a sa a firas ko a yi ta dukansa da guduma har bakan ya dawo, yana ɗaga mota ranar da aka yi, amma ƙarfen bai canza ba, gajiyar da ke cikinsa tana nan, yawanci sannu a hankali sai ya koma inda ya fito. Akwai kuma na gaske wanda masu sana'ar sifirin suke yi, a sa ganyen a murhu mai awon zafi, a lanƙwasa, a tsoma a mai, a sake gasawa kamar yadda aka yi masa tun farko, wannan yana daɗewa, kuma ga motar da sifirinta ya yi wuyar samu shi ne mafita. Abun da nake roƙon ku 'yan uwa kar ku yarda da shi shi ne wani ya ɗauko wutar gas ta walda ya gasa ganyen har ya yi ja a waje ɗaya ya lanƙwasa ya bar shi ya huce. Wajen da wutar ta taɓa ya daina zama sifirin, ko ya yi laushi ko ya yi gautsi. Haka walda a jikin ganyen da ya tsage, wallahi ba ya riƙewa, gefen waldar zai sake tsagewa, kuma in babban ganye ne ya tsinke kana kan gudu akzil ne zai bar wajensa, taya ta shige fenda, da iyalinka a cikin motar.

Ni dai abun da na yi, kuma shi nake ba duk wanda zai iya shawara, sabon jeri gaba ɗaya, hagu da dama tare. Ko da ɗaya ne ya karye kar ka canza shi shi kaɗai, motar za ta karkata kuma birki da kwana ba za su zo daidai ba. Wajen zaɓe kuma ka faɗa wa kanka gaskiya a kan kayan da motar take ɗauke da su kullum, ba wanda take ɗauka sau ɗaya a shekara ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 guda huɗu kilo 80 kenan ban da nauyin jarkokin, ga bamba ta ƙarfe, ga taya a rataye a baya, ga akwatin kayan aiki, ga kariya ta ɗora kaya a saman rufi, kuma duk abun da yake bayan akzil nauyin da yake ɗora wa sifirin baya ya fi nauyinsa na sikeli don yana rage wa gaba yana ƙara wa baya. In irin wannan ne kullum a motarka to ka ɗauki mai ƙarfi. In kuma yawanci fayau take tafiya kar ka bari a ruɗe ka da maganar hebi duti, wato sifirin mai tauri na kaya mai nauyi, za ka sayi wahala, motar za ta riƙa tsalle a kan kowane ɗan dutse, kuma a daji ma sifirin mai tauri ba ya barin taya ta sauka ta bi ƙasa, sai ka ga ƙafa ɗaya a sama tana juyawa a banza. Wanda kayansa ke canzawa, yau fayau gobe cike, zai iya sa matsakaicin sifirin ya ƙara da balan-balan ɗin iska masu taimako a baya, amma a kan lafiyayyen ganye fa, ba don a ɓoye matacce ba. Akwai kuma farabolik, ganye biyu ko uku ne kawai masu kauri a tsakiya suna sirancewa zuwa baki, ba sa gugar juna sosai shi ya sa suka fi laushi, masu Land Rover Series da yawa sun koma kansa, sai dai yana buƙatar shokazoba mai kyau don babu gugar nan da ke rage lilo.

Aikin kansa ba ilimi mai zurfi ba ne, tsatsa ce take mayar da shi yaƙi. Ka fara fesa wa duk noti da bol man kwance tsatsa kwanaki kafin ranar. Ka tare tayoyin gaba, ka ɗaga motar ka ɗora shasi a kan sitan, wato ƙafafun ƙarfe na tokare mota, masu ƙarfi, jak kuma ya koma ƙasan akzil, kar ka taɓa shiga ƙasan motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Gefe ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayan, akzil ba zai gudu ba kuma kana da na dubawa in ka manta yadda abu yake. Wanda zai ba ka wahala shi ne bol ɗin idon gaba, yana mannewa da bututun ƙarfen da ke cikin bushin su zama abu ɗaya, za ka yi ta juyawa robar tana juyawa da shi, kar ka ɓata yini, ka sa zarto ko giranda ka yanke shi ta gefe biyu, sabon bol dama ya kamata ka tanada. Masu XJ ku bi a hankali, notin nasu yana cikin firam a manne, in ya ɓalle sai an buɗe wajen kafin a kai gare shi. In za ka buɗe jerin ganyen don ƙara wani, ka matse shi da kilam, wato mamatsin ƙarfe, biyu masu ƙarfi kafin ka kwance santa bol sannan ka sassauta a hankali, akwai ƙarfi a dunƙule a ciki da zai iya karya yatsa. Lokacin da kake sauke akzil idonka yana kan tiyon birki da wayar hambirki kar su ɗaure. Kuma ka lura da gaba da baya na sabon sifirin, a motoci da yawa santa bol ba a tsakiya yake cif ba, in ka juya shi taya ba za ta zauna a tsakiyar fenda ba, wasu ma kamar Land Rover Series na hagu daban na dama daban.

Yu-bol sabo za ka sa, a nan ba na sassauci. Tsohon ya riga ya miƙe tun ɗaurin farko, zarensa ya lalace, ba zai matse kamar da ba ko da ka ji noti ya yi tauri a hannu, kuma yu-bol mai sako-sako shi ne yake sa santa bol ya tsinke, ganye ya tsage ta tsakiya. Ka ɗaure su a gicciye kaɗan kaɗan har su kai awon da littafin motar ya faɗa, da sifanar awo ba da ƙiyasi ba. Bol ɗin shakul da na idon gaba kuma ka bar su sako-sako tukuna, sai ka sauke motar ta tsaya da ƙafafunta ka girgiza ta sannan ka matse. In ka matse tana rataye, bushin na roba zai zauna a murɗe har abada, ba zai daɗe ba zai yage. In foliyuretan ka sa maimakon roba, ya fi jure mai da nauyi amma yana son giris, in babu zai dame ka da ƙara.

Bayan an gama akwai abubuwan da ake mantawa. Toyota da yawa na wancan zamanin, Hilux da Land Cruiser, suna da wani bawul a baya mai sanda da ke haɗe da akzil, yana auna yadda motar ta zauna ya san yawan birkin da zai tura wa tayoyin baya. In ka ɗaga motar fiye da tsayinta na asali ba ka gyara sandar ba, zai ɗauka babu kaya ko da akwai, ya rage wa baya birki. Ka duba tsawon shokazoba ko ya isa sabon tsayin, ka sake saita fitila, in kuma ka ji wata rawa daga ƙasa wadda da babu ita to kusurwar furofela ce, ana gyarawa da siririn shim mai gangare na ƙarfe a mazaunin akzil. Sabon sifirin zai ɗan sauka bayan ya yi aiki, don haka kar ka tsorata in ka ga bayan ya fi gaba tsayi a makon farko. Ka sake bin yu-bol da sifanar awo bayan kilomita kamar 100, ka ƙara bi bayan wajen 1000, za ka yi mamakin yadda noti zai ƙara juyawa, fentin da ke tsakanin ganyen ne yake gogewa jerin ya ƙara haɗewa.